'Yan Sitaj a Gandun Renon Itatuwa na Yantala

Da damina ta kankama a Yamai, gandun renon itatuwa na Yantala sai ya cika da baƙin fuskoki. Ɗalibai ne daga makarantar IPDR ta Kollo da sashen noma na Jami'ar Abdou Moumouni, sun zo sitaj, wato koyon aiki, a daidai lokacin da ake haramar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kan Nijar da aka haɗa da bikin dashen itace tun 1975. Aikin iri ɗaya ne ga kowa: cuɗa yashi da taki, ɗura leda, jera ta sahu-sahu, ban ruwa safe da marece. Halin masu aikin ne ya bambanta.

Akwai Malam Latin. Shi bai san dogon yaro ba, Azadirachta indica ya sani. Ɗakwara kuwa Acacia senegal ce ko a mafarkinsa. An fita da shi daji ya tarar da gawo tsirara babu ganye ko ɗaya, nan take ya rubuta a littafinsa cewa itacen ya mutu. Tsohon leburan da ya yi shekara da shekaru a gandun ya dube shi ya ce, "Ɗana, gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Ba a faɗa muku a lakkwal ba?" An faɗa, amma da Faransanci.

Sai Kwamanda, wanda kakin ma'aikatan gandun daji ne ya jawo shi fannin. Tambayarsa kullum ita ce yaushe za a kai su shingen hanya su tare motocin itace da buhunan gawayi. Ya haddace dokar daji ta 2004, musamman wajen tara. A ba shi butar ban ruwa, sai ya tuna yana da ciwon baya.

Hajiyar Hoto takan iso da farin takalmi, ta tsuguna gaban sahun da wani ya jera, ta riƙe tsiro ɗaya har a ɗauka. Kafin azahar Facebook ya san tana yaƙi da hamada.

Sarkin Shayi ya fi su amfani, gaskiya. Ya kafa fadarsa a inuwa, kuma a bakinsa ake jin wane shugaba ne mai sa hannu da wuri. Ɗan Hatimi kuwa sau biyu ake ganinsa: ranar farko, da ranar da ya zo da rahoto mai kauri a buga masa hatimi. A ciki akwai tarihin zoben itatuwan da aka soma kewaye Yamai da shi a 1965, da gandun Gesselbodi na hanyar Dosso, duk daidai, don daga rahoton ɗan ajin bara aka kwafo, har da kuskuren rubutun.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi, don ba a cika lura da shi ba. Yawanci ɗan manomi ne daga wajen Maradi, inda tun shekarun 1980 ake yin sassaben zamani, wato a bar kututture ya tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sare sauran. Ya san irin dogon yaro ba ya jure ajiya, sai a shuka shi da ɗanyensa. Ya san ƙwayar gawo da ta kuka sai an jiƙa su a ruwan zafi kafin su tsaga. Ba sai an ce masa ya ɗaga ledoji ya datse saiwar da ta huda ƙasa ba. Tsohon lebura yana kiransa da sunansa, sauran kuwa duk "kai yaro" ne.

Ranar 3 ga Agusta dukansu sukan hallara da sababbin riguna. Manya su dasa, a tafa, Hajiya ta ɗauka, Kwamanda ya ƙame. Kashegari awakin unguwa su fara nasu sitaj ɗin a kan duk tsiron da ba a yi wa shinge ba, kuma su ba sa fashin ko rana ɗaya.