Idan Sautin Kwamfuta Ya Riƙa Ɗaukewa Yana Dawowa

Ɗaukewar sauti a kwamfutar gida iri biyu ce. Akwai wadda sautin ke mutuwa murus, ita kam da sauƙi, domin duk wanda ya duba zai tarar da matsalar a inda aka bar ta. Akwai kuma wadda sautin ke zuwa yana tafiya: ana tsakiyar tafsiri ko fim, sai a ga bakin mai magana yana motsi babu murya, can kuma muryar ta dawo. Ta biyun ce mai tayar da hawan jini, don ranar da aka ɗauko mai gyara a kan babur, ranar ce take aiki lafiya lau har ya sha ruwa ya tafi.

Aikin farko lura ne. Sauti ba ya ɓacewa haka siddan: ko wani abu ya motsa, ko ya yi zafi, ko ya yi barci, ko wani baƙo ya shigo. In hoton ma ya tsaya, wata 'yar da'ira tana juyawa a tsakiyar allo, to sifika ba ta da laifi, sabis ne ya yi rauni. Sai a kunna wani karatu da ke ajiye a cikin kwamfutar. In ya tafi sumul, a kai ƙara wajen intanet.

Maganin da ya fi shahara a gidaje shi ne mari. Maigida ya miƙe ya kai wa sifika ɗaya a ƙeya, sauti ya dawo, yara su yi tafi. Marin yana aiki, kuma dalilinsa shi ne abin kamawa: sifikar da duka ke farfaɗo da ita tana sanar da cewa akwai waya ko filogin da bai zauna daidai ba. Saboda haka a ajiye hannu a duba filogin nan mai kaurin milimita 3.5. A tura shi har sai ya shige duka, don rabin shiga shi ke kawo sauti a kunne ɗaya ko ƙarar shuu. A bayan kwamfutar tebur, koren rami ne na sifika, mai ruwan hoda na makirfo ne, shuɗi kuma na shigar da sauti daga waje. Wanda ya laluba a duhu ya soka a ruwan hoda zai daɗe yana jira.

Daga nan sai a kunna sauti, a bi wayar da yatsu ana ɗan lanƙwasa ta tun daga filogi har gindin sifika. Inda sautin ya yanke, nan silin ciki ya tsinke, kuma yawanci a wuyan filogi ne, wurin da ake fizga. Wani lokacin kuma a bayan tebur ne, inda ɓera ya yi kalaci da ita. Ƙurar hunturu ma takan taru a ramin ta hana ƙarfe taɓa ƙarfe. A kashe kwamfutar, a zare ta daga wuta, a share da burushi mai laushi ko tsinken sakace a hankali. Ban da allura, ban da yawu. In ramin gaba ne ke wasa, a koma na baya, domin na gaban wata siririyar waya ce ke haɗa shi da cikin na'urar, kuma takan saki.

Gwajin da ke raba gardama shi ne musanya: a sa iyafis a kwamfuta, a jona sifikar a wayar hannu, a ga wanda cutar ta bi. Sharaɗin shi ne a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai canja biyar a tare ko ya warke bai san me ya warkar da shi ba, gobe sai ya sake daga farko.

A nan ne akan kira auta a tsare shi da ido. "Wallahi Baba ban taɓa komai ba," in ji shi, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa, don Windows na da nata hannun. Wayar HDMI tana ɗaukar hoto da sauti a tare, shi ya sa idan allo ko talabijin ya yi barci ya farka, Windows kan mayar da sautin can, ko da allon ba shi da sifika. Haka iyafis ɗin Bluetooth na babban yaya: da zarar ya buɗe akwatinsa a ɗakin kusa sai ya haɗu da kansa, mutanen falo su zauna tsit, fim yana ci a aljihun wani. A danna alamar sifika da ke kusa da agogo, a zaɓi inda ake son sauti ya fita, a kashe sauran daga saitin sauti.

Windows tana da ladabi fiye da kima. Idan ta ji alamar kira ya shigo ta wata manhaja, takan rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100, kamar yaron da ke rage rediyo in baƙo ya yi sallama. A shafin sadarwa na tsohon akwatin saitin sauti akwai zaɓin da ke cewa kada ta yi komai, shi za a zaɓa.

Bluetooth kuwa yana tafiya ne a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma ke bi, kuma yawanci ƙarfinsa bai wuce mita 10 ba, katanga ta rage, raunin batir ya ƙara ragewa. A matso kusa, a yi caji.

Sai batun wuta. Laftof na da batir, sifikar da ke jone a soket ba ta da shi, don haka duk sauyi daga wutar gari zuwa janareto, ko ekstenshan mai kwance, ita kaɗai yake kayarwa. Windows ma kan kwantar da ramukan USB barci don tanadin wuta, ana iya hana ta a saitin wuta. Laftof da aka ɗora a kan katifa kuwa, fankarta ta toshe, zafi ya sa ta rage gudu, sauti ya fara in'ina. A mayar da ita kan tebur.

In duk wannan bai yi ba, saura direban sauti, ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sautin, wadda a kwamfutoci da yawa ta kamfanin Realtek ce. Idan ciwon ya fara ne bayan sabuntawa, a mayar da tsohon direba. In ba haka ba, a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, sannan a kashe kayan ƙawata sauti a sake gwadawa.

Wanda ya kai nan ba sauƙi, mai yiwuwa na'urar sautin ce ta gaji. Akwai 'yar ƙaramar na'urar sauti da ake sokawa a ramin USB, mai ramin sifika da na makirfo, tana zagaye ta cikin gaba ɗaya, kuma ana samun ta a shagunan kayan kwamfuta. Kada mai kwamfuta ya yarda a goge masa komai a sake zuba Windows kafin a gwada ta, in kuma gogewar ta zama dole, ya fara kwashe hotunan biki da takardun makarantar yara zuwa filash.