Wa Za a Tsayar a Fage Bana?

Da zarar gero ya shiga rumbu, kafin hankali ya koma fadama wajen albasa da tafarnuwa, akwai shawarar da ke hana samari barci a Goronyo da Wurno har ƙauyukan Rabah: wa za a fitar kokawa bana? Shekarun nan rashin tsaro ya rage taron dare a gabashin Sakkwato, wasu filayen ma ciyawa ta cinye su. Amma inda hali ya yi ana bugawa, musun wanda ya cancanta kuwa bai taɓa mutuwa ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwon kai. A Amurka, a wasan ƙwallon nan da ake rungume ta a guje ana bangazar juna, ƙungiyoyi 32 na babbar gasarsu kan zauna duk watan Afrilu su zaɓi matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai. Kafin nan sai an tara yaran a Indiyanafolis, a auna tsawon hannu da faɗin tafi, a sa su gudun yadi 40, a ba su ƙarfe mai kilo 102 a ƙirga sau nawa za su ɗaga. Cikin masu ruɗa su akwai ƙaton da ake girkewa a tsakiyar sahun tsaro, mai kilo 140 ko fiye, wanda aikinsa ya tsaya mutum biyu su kasa ture shi. Da sun aiko wakili gindin wata bishiya a Achida, da dattijo guda ya rage musu kuɗin kwamfuta, domin duk irin yaran da suke aunawa muna da su.

Na farko shi ne Rumbu. Inuwarsa ke riga shi isowa. Kwano uku na tuwon shinkafa karin kumallo ne, fura kuwa a babbar ƙwaryar gidan ake dama masa, sauran yara su jira ta biyu. Duk wanda ya ga ya tuɓe riga sai ya ce gari ya samu magani. Sai an kama ake gane nauyin duk a tumbi ya taru, ƙafafun na aro ne. Minti biyu numfashinsa ya fi ganga ƙara, ya dafa kafaɗar abokin karawa, masu kallo suna zaton dabara ce, alhali hutu yake nema. Wani siririn yaro mai ban-ruwa a fadamar Wurno zai zagaye shi sau biyu, ya sa masa taɗiya, a ji ƙasa ta amsa. Abin haushin, kayen Rumbu ba ya ɓoyuwa. Na wani a ce santsi ne, nasa har ƙauyen gaba sai an yi hira da shi. Duk da haka baɗi a sake kawo sunansa, saboda ido ba ya jin wa'azi.

Sai Mai-laya. Kambu a damtse, guru a ƙugu, layu daga wuya har idon sawu, ga gorar rubutu a hannun ƙanensa. Shirinsa ya fi kokawar tsawo: ya tofa gabas, ya tofa yamma, ya binne wani abu a bakin fili, ya ƙi shiga ta inda kowa ya shiga. In ya yi kaye, aikin malam ne. In ya sha kaye, wata ce ta tsallake walkinsa, ko kuma baƙon ya zo da wanda ya fi nasa. Shi dai tunda yake bai taɓa faɗuwa don rashin ƙarfi ba.

Ɗan-gado ya fi wuyar sallama. A ƙasar da gidaje da yawa ke jan salsalarsu zuwa zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, ba a wasa da asali. Kakan Ɗan-gado ya kada maza, ubansa ma ya taɓa, makaɗa sun haddace kirarin gidan. Da an buga taken kakan sai tsikar jikin kowa ta tashi, ban da ta jikan, wanda ke leƙen hanyar da zai sulale. Ba mai iya cewa bai iya ba, don ubansa na zaune a kan tabarmar da ake shawarar. Sai a ce, "A bar shi ya ƙara ƙwari." Yana nan yana ƙara ƙwari har furfura ta fara leƙowa.

Akwai sabon samfuri da ya shigo tare da wayar hannu. Ya je ci-rani Legas, ya dawo da gwangwanaye biyu cike da siminti a jikin sanda, yana ɗagawa ana ɗaukarsa ana ɗorawa a TikTok. Ƙirji ya buɗe, damtse ya kumbura, har shafa masa mai yake yi. Wani tsohon ɗan kokawa ya taɓa zagaye irin wannan yaro, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, wanga ƙirji mun gan shi. To ina ƙugu?" Yaron ya ce, "Baba, ai mutum dubu suka kalla." Tsohon ya ce, "Cikinsu wa ka kada?"

Wutar-kara ba sai an daɗe a kansa ba. In bai yi kaye a kamun farko ba, ku nemi mai ɗauko shi.

Wanda ya fi kowa labari shi ne wanda ya taɓa tsallaka Illela ya kwana biyu a Birnin Ƙonni. Tun daga ranar ya zama masanin kokawar Nijar. Zai gaya maka gasar takobi a Tawa aka fara ta a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Jihohi takwas ke haɗuwa, kowace da 'yan kokawa goma. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin har sau shida. Duk gaskiya ne, rediyo ma haka ta ce. Inda ake rabuwa da shi shi ne in ya kai wurin da ya ce shi da Isaka sun taɓa riƙe juna a bayan fage, aka raba su don kada a ɓata zumuncin ƙasa da ƙasa. Ka ce to ya shiga ya nuna, sai ya ce dokokinmu na nan ba irin na can ba ne.

Can a gefe, wanda ba a ko tambayi ra'ayinsa ba, akwai Turmi. Gajere ne, wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya, cinyoyinsa sun hana shi sa wandon kanti. Ranar Lahadi buhunan albasa yake lodi a kasuwar Goronyo, sauran kwanaki yana cikin laka a gonakin da ke shan ruwan dam. Ba shi da kirari, ba shi da rawa, laya ɗaya ce a jikinsa, ita ma uwarsa ta matsa masa. Kokawarsa ba daɗin kallo. Ya sunkuya, ya kafa ƙafa, ya riƙe, shi ke nan. Gwanin baƙi ya ja, ya tura, ya nemi ƙafa, ya nemi ɗauka, kamar mai kokawa da kututturen giginya. Makaɗa su gaji su sauya take, 'yan mata su tafi sayen rake. In alƙali ya raba su canjaras, gwanin ya fita hannuwa na rawa, sai wani mai kyan rawa daga cikinmu ya shiga ya kada shi cikin ƙiftawar ido, a ɗauke shi a kafaɗa, a lulluɓe shi da kuɗi. Turmi kuwa a ba shi goro biyu da "sannu da ƙoƙari".

Tsofaffin da suka sha ƙasa suka shayar sun san darajarsa. Su ba ƙirji suke dubawa ba. Suna kallon yadda yaro ke tashi daga tsugune da buhu a ka, da ko diddigensa na ɗagawa in an ture shi, da yadda yake numfashi bayan kamu na uku. A ra'ayina garin da ke da Turmi guda ya fi garin da ke da Rumbu uku, kuma na faɗi haka a gaban masu shawara. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce magana ta yi, har wani ya ƙara da cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daga nan sarkin samari ya yi gyaran murya, ya tuna wa jama'a cewa kawun Rumbu ne ya ɗauki nauyin makaɗa da kuɗin mota bana.