Mutanen Cikin Adaidaita

Tun watan Janairun 2013, da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, duk wanda ba shi da abin hawan kansa a Kano ya zama fasinjan Adaidaita Sahu. Gwamnatin Malam Shekarau ce ta fara kawo keken don mata, a raba su da hawa bayan babur. Yanzu kuwa kujerar mutum uku ce ke ɗaukar birnin gaba ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, kowa da halin da ya baro gida da shi.

A bakin Kantin Kwari ake gamuwa da Hajiya. "Ɗan nan, tsaya, ɗan kaya ne kaɗan." Direba na tsayawa sai ga ɗan dako ya ɓullo da dilar atamfa, wani na biye da shi da ƙullin shadda. Kuɗin mutum ɗaya za ta biya, kayan su cinye wurin mutum biyu, ragowar kuma a ɗora maka a cinya ba tare da an nemi izininka ba. Kafin a kai Ƙofar Mata ka san nawa ta sayi leshi, wace 'yar za a aurar, da abin da dangin ango suka kasa kawowa a lefe.

Mai dubu guda shi kamili ne, ba ka jin bakinsa. Sai an iso ya zaro sabuwar takarda ya miƙa, fuskarsa a sake. "Haba Alhaji, da sassafen nan?" Direba ya bi mai rake, ya bi mai fiya wata yana neman canji, sauran fasinjoji na gasuwa a rana, Alhaji na duba agogo kamar shi aka ɓata wa lokaci.

Akwai mai waya, wanda ke rantsuwa yana Bata, har yana hango mai jiransa, alhali gosulo ya riƙe mu a Gidan Murtala. Mu uku shaidu ne, ba mai tofawa, don kowa ya taɓa yi.

Wanda ya fi cika keke shi ne sojan baka. Ya kwana da rediyo a kunne, ya haddace shirin siyasar daren jiya, ya fito neman wanda zai juye wa. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 bai rasa mabuɗin zance ba: da direba ya faɗi kuɗin mota, shi ke nan, an buɗe majalisa. Shi kaɗai da sauƙi, sai ka riƙa gyaɗa kai. Masifar ita ce a samu mai jar hula a wannan gefe, abokin hamayyarsa a wancan, kai kuma Allah ya ajiye ka a tsakiya. Ta saman kanka za a yi lissafin gadoji, wa ya gina, wa ya rushe, wa ya ci amana, yawu na sauka a kafaɗarka. Direba ma ba a barinsa a baya, sai ya waiwayo gaba ɗaya don ya kafa hujja, keken na tafiya da ikon Allah. Daga ƙarshe dukansu biyun sun wuce inda za su sauka, kuma kowa ya ce laifin ɗayan ne.

Ɗan fim na hanyar Zoo Road ba ya cire baƙin gilashi ko da magariba. Manyan taurarin Kannywood da sunan gida yake kiransu, kullum gobe za a fita lokeshan. In ka matsa da tambaya, fim ɗaya ya taɓa fitowa, a cikin 'yan ɗaurin aure, kuma ƙeyarsa aka nuna. Ranar da ƙungiyar ƙwallon Pillars ke wasa kuwa, in an ci, "Sai Masu Gida" har ƙofar gidanka. In an sha kashi, kada ma ka yi wa kowa sallama.

Na gefen direba abin tausayi ne: rabin mazauni a kujera, rabi a iska, hannu ɗaya ya rungumo direba kamar ɗan uwan da aka daɗe ba a gani ba. Shi ne kuma ɗan leƙen asiri. Da ya hango 'yan KAROTA zai ce "suna gaba", direba ya karya kan keke ya faɗa lungu, don kuɗin balas ɗin mai keke bai haɗu ba tukuna balle na tara.

Amma duk cikinsu ba wanda direbobi ke tsoro irin Baba mai "gaba kaɗan". A Mandawari ya ce zai sauka, kuɗin Mandawari aka yi ciniki. An iso, ya ce gaba kaɗan. An wuce masallaci, gaba kaɗan. An wuce mai shayi, an wuce gidan mai, gaba kaɗan dai. Sai da Kabuga ta bayyana direba ya taka birki ya juyo.

"Baba, don Allah ina ne gidan?"

"Yaro, ai ka wuce shi tun ɗazu. Juya, baya kaɗan."