Wuƙar Rambo da Wuƙar Maƙerin Garinmu

Samarin Abu Na'ama, labarinku ya iso. An ce tun da kuka ga wuƙar nan mai haƙoran zarto a waya kuka daina gaida maƙeri. Wai ita ce ta shiga daji, ita ce ta kwana a dawa. To ƙannena, ku matso mu baje ta a faifai.

Wuƙar taku jikar ta Rambo ce, ta fim ɗin 1982: ƙotarta rami, a zuba ashana da allura a murɗe. Dabara, ko? Amma in ƙota rami ce, ina gindin ƙarfen ya tsaya? A bakin ƙofa! Ku ɗauki mai arahar nan ta kasuwa ku danna ta a icen bagaruwa na bakin kogi: ƙarfe ya yi Sinja, ƙota ta nufi Damazin. Ashanar dai tana nan, sai ku hura wuta ku yi wa juna jaje.

Kun ce ba ta tsatsa. Gaskiyarku, akwai sinadarin kuromiyam a jikinta, sama da kashi 10 cikin 100. Ta maƙeri kuwa, da ya ƙera da sifirin tsohuwar mota, in ta kwana da jiƙa sai ta yi ja. To, shafa mai nawa ne? Kuma ran da ta dakushe, dutsen washi ya ishe ta. Haƙoran zartonku fa, da me za ku wasa su a tsakiyar gonar riɗi? Da cajin waya?

Na ji wani yana cewa ai tasu ta fi girma. Wuƙar fiɗar giwa ba girma ba, kaifi. Masuncin da ke feɗe giwan ruwa a gaɓa, siririya yake nema mai bin ƙashi. Mai agashe, naman da Hausawa suka koya wa Sudan ci, mai shafce tsoka fale-fale yake so. Sare reshe kuwa aikin gatari ne. Mai tilasta wa wuƙa aikin gatari zai koma gida ba ko ɗaya.

Ku kuma baffanni masu murmushi a gefe, kada ku yi saurin tafi. Ba kowace wuƙar damtse ce ta kirki ba, ko daga Kasala aka kawo ta, ko an ce kakan kaka ne ya ɗauro ta daga Burmi a 1903 har Mai Wurno. Maƙeri kan yi gaggawa wajen tsoma ƙarfe: ya yi tauri ya ɓantare, ko ya yi laushi ya lanƙwashe. Dukawa ma kan ɗinka kube mai sakin wuƙa in an sunkuya.

Ga gwaji, kyauta. A jiƙa hannu a riƙe ƙota, a ga ko za ta sulluɓe. A kifa kube a girgiza. A yanke igiya, a feƙe sanda, sannan a yanka tumatur. In ya matse maimakon ya yanku, kaifin na ado ne. A tambayi mai ita iyakar inda ƙarfe ya shiga ƙota.

Ran kasuwa kowa ya zo da tasa gaban mai agashe. Wanda tasa ta faɗi shi zai biya kuɗin nama, kuma ni da yunwata zan zo.