Daɓen Katako Ya Yi Tozo, Kuna Zargin Aljanu

To, masu gardama, na ji ku. Wai katako ya mutu tun a daji, ya bushe ƙamas, ina shi ina kumbura? Malam, ƙofar ɗakinka fa? Wadda cikin marka sai ka sa kafaɗa kafin ta rufu, hunturu na shigowa ta koma rufuwa salin-alin. Ita ma aljanu ne suka riƙe ta?

Katako yana shan danshi, ya kumbura ta faɗinsa. Allo ɗaya ba ya ƙara wani abin kirki, amma jera ɗari a falo, kowanne na turin ɗan'uwansa. Idan an manna su har jikin bango, ba su da wajen zuwa sai sama. Shi ya sa kafinta mai hankali yake barin rata ta santimita 1 zuwa 2 a gindin bango, ya rufe ta da siririn katako. Sai Alhaji ya zo duba aiki, ya hango ratar, ya ce an yi masa ha'inci, a cike. An cike, ranka ya daɗe. Ga tozo nan a tsakar falo.

Na san wata za ta ce gidanta ko ɗigon ruwa bai taɓa zuba ba. Hajiya, mofar da yara ke tsomawa a bokiti kowace safiya fa? Da esin da ke ɗiga bayan labule? Sannan ga simintin ƙasa, wanda ake shimfiɗa wa katako tun bai gama bushewa ba don biki ya matso. Gwajinsa ba tsada: manna leda a kan simintin, liƙe gefunanta, bar ta ta kwana. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta, dakata. Katakon ma a bar shi ya yi kwanaki a ɗakin ya saba da iskarsa kafin a kafa.

Allon da kansa yakan tona asiri. In gefunansa ne suka ɗago, tsakiya ta lotsa, danshin daga ƙasa yake. Kada ka ɗauko samfefa da zafin rai: in ka goge gefunan yanzu, ran da ya bushe tsakiyar ce za ta yi tudu.

Fara da toshe inda ruwan ke fitowa. Cire allunan da suka banƙare, kunna fanka, a ba wa wurin makonni, ba kwana biyu ba. Wasu za su kwanta da kansu, waɗanda suka tsage a sauya su. Ratar nan kuma a mayar da ita, ko da Alhaji zai ɓata rai.