Yadda za ku kama kujera ku da yaranku a jirgin "zauna inda ka samu"

Akwai jirgin saman da tikitinsa izinin shiga kawai yake ba ka, babu lambar kujera a jikinsa. Kana sa ƙafa ma'aikaciya za ta yi maka murmushi ta ce ka zauna duk inda ka ga dama. Ga gwauro mai 'yar jaka ɗaya a kafaɗa, wannan albishir ne. Ga maigida da uwargida masu jan yara uku, ɗaya a hannu, ɗaya a goye, ɗaya kuma ya toge a bakin ƙofa sai an nuna masa inda direba yake zama, wannan busar fara gasa ce. Tsarin motar tasha ne sak, wanda ya riga shiga shi ke zaɓe, sai dai a nan babu kwandastan da zai daka tsawa ya ce a matsa wa mai goyo.

Babbar makarantar wannan tsari ita ce kamfanin Southwest na Amurka, mai hedikwata a Dallas, wanda ya fara tashi a 1971 tsakanin Dallas da Houston da San Antonio. Ya shafe sama da shekara 50 bai raba wa fasinja kujera ba, bisa hujjar cewa jirgin da ke ƙasa ba ya kawo kuɗi, kuma mai rige-rigen wuri ya fi saurin zama. A Turai easyJet ya bar tsarin a 2012, Ryanair ya bi sahu a 2014. Shi ma Southwest ya sanar a watan Yulin 2024 cewa zai daina, ya ce kashi 80 cikin 100 na fasinjojinsa sun fi son a ba su lamba, ya kuma fara rabon kujeru a Janairun 2026. Amma kada ku ce magana ta ƙare. Har gobe za ku ci karo da "zauna inda ka samu" a ƙananan jirage, a wasu jiragen cikin gida na ƙasashenmu, a wasu jiragen haya, da kuma ranar da aka sauya jirgi daf da tashi aka ce kowa ya manta da lambar da ke katinsa. Dabarun da iyayen Amurka suka sha wuya kafin su koya suna nan da amfaninsu, ga su kuma kyauta.

Ku fara sanin cewa tun daga gida ake kama kujera. A Southwest, kafin a fara rabon kujeru, akan buɗe rajistar shiga ta intanet awa 24 cif kafin tashi, sai a ba mutum harafi da lamba: A ko B ko C, daga 1 zuwa 60. Da wannan ake jera layi a lokacin. Mai A sarki ne, mai B talaka ne mai rufin asiri, mai C kuwa tun a gida ya san tsakanin kafaɗun baƙi biyu zai yi tafiyarsa. Shi ya sa iyaye suka riƙa saita ƙararrawar waya, su ajiye cokali a tsakiyar cin abinci, domin jinkirin 'yan mintoci kan iya jefa iyali daga wani harafi zuwa wani. Mai hali kuma a wancan lokaci yakan biya kuɗin EarlyBird, kwamfuta ta yi masa rajista tun saura awa 36. Inda babu wannan lissafi, ƙafa ce ke yin aikin: ku isa da wuri, ku kafa sansani a kujerun da suka fi kusa da ƙofar fita, ku kai kowane yaro banɗaki tun kafin a kira jirgi. Wanda ya ce ba ya ji, shi za a fara kaiwa.

Ga wani sirri da ya cancanci tukuici. Idan bas ce za ta kwashe ku zuwa gindin jirgi, kada ku yi ribibin shiga ku ƙule can ciki. Wanda ya shiga daga baya ya tsaya a bakin ƙofar bas shi ne farkon sauka, shi ne farkon hawa matakala. In kuma kun ga an kafa matakala biyu, gaba da baya, ku bar jama'a su yi gaba, ku nufi ta baya.

Sai batun alfarmar masu yara. A da Southwest yakan kira iyalai masu yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa bayan 'yan A sun shige, kafin 'yan B, kuma manya biyu ne ke raka su. Ku duba lissafin: a lokacin ƙaramin Boeing 737 na kamfanin kujera 143 gare shi, manyan 175, 'yan A kuwa ba su wuce 60 ba. Ashe mai ƙaramin yaro, in dai jirgin bai taso da fasinjojin wani gari a ciki ba, yakan tarar da fiye da rabin kujeru babu kowa. Kamfanoni da yawa suna da irin wannan alfarma ko da ba su yi shela ba, saboda haka uwargida, ki je wurin ma'aikacin ƙofa ki gaishe shi ki tambaya ko ana fara shigar da masu yara. Kunya ado ce, amma a nan tana iya raba ki da ɗanki na tsawon awa uku.

Abu biyu ne ke ɓata wannan alfarma. Na farko rage wa yaro shekaru. Kada ku fara. Ɗan shekara tara ba ya rufa wa kowa asiri a kan shekarunsa, kuna cewa shida zai ɗaga murya ya gyara muku, har ya ƙara da ajin da yake a makaranta. Na biyu mai da jariri ɗaya fasfon dangi, a ga kawu da gwaggo da ƙanin maigida da abokin ƙanin maigida duk sun biyo bayan goyo ɗaya. Irin wannan ne ke sa sauran fasinjoji su ɗaure fuska ga mai yaran da zai zo gobe da buƙata ta gaskiya.

Kun shiga. Yanzu ku runtse ido ga kujerun gaba, ku miƙe sai baya. Kowa gaba yake so don ya riga sauka, shi ya sa layukan baya ke daɗewa babu kowa. Can ne banɗaki yake kusa, can ne ma'aikata ke tsayawa idan kuna neman ruwa. Aibinsa ɗaya, ku ne ƙarshen fita, to amma mai yara dama shi ne ƙarshen fita ko a ina ya zauna, domin sai an nemo takalmi ɗaya da ya yi tafiyarsa a ƙarƙashin kujeru. Layin ƙofar gaggawa mai faɗin wurin miƙe ƙafa kuwa ku wuce shi ko kallo babu. A Amurka doka ta hana wanda bai kai shekara 15 ba zama a wurin, kuma ko'ina za a tashe ku, ku dawo neman wuri bayan an cinye masu kyau.

A jirgi irin Boeing 737 kujera uku ce dama, uku hagu. Iyali mai mutum biyar ba zai shiga ɓangare ɗaya ba ko da an yi addu'a, don haka ku raba rundunar tun a ƙasa: kowane ƙaramin yaro da babba a gefensa, shi ke nan buƙata ta biya. Yaro a taga, babba a tsakiya, ta yadda ba zai zare ya bi keken abinci ba. Mai kujerar jariri irin ta mota ita ma taga ake sa ta, don kada ta tare wa wani hanya. Masu tagwaye a cinya su sani cewa galibi abin shaƙar iska huɗu ne a saman kujera uku, don haka ba za a bar jarirai biyu na cinya a jere ɗaya ba, sai uwa ta zauna nan, uba ya zauna tsallaken hanya. Maigida kuma, ina roƙonka da girman Allah, kada ka zuba wa uwargida yara uku ka ce za ka je gaba ka duba ko akwai wuri, sai a gan ka bayan an sauka ka sha barci har da shatar kujera a kumatu. Rabonka na yara yana nan, ka karɓa.

Akwai masu tura ɗan leƙen asiri: mutum ɗaya ya riga shiga ya ɗora kaya a kan kujeru ya tsare wa na baya. A da Southwest bai halatta wannan ba, bai kuma haramta ba, abin da ya jawo cacar baki ba adadi. Ni a ganina tsare kujera ɗaya ko biyu a can baya saboda ƙananan yara ba laifi ba ne. Amma ka baza hula a nan, carbi a can, jarida a gaba, takalmi a baya, ka kame kujera tara, wannan mamaya ce, kuma duk wanda ya ɗauke hularka ya zauna bai zalunce ka ba.

To idan duk dabara ta ƙare fa? Jirginku na farko ya yi latti, kun shigo a ƙarshe kuna haki, babu abin da ya rage sai kujerun tsakiya a warwatse. A nan za ku ga baiwar da Allah ya yi wa fasinja. Wanda yanzun nan yake waya da ƙarfi zai faɗa barci mai nauyi. Wata za ta toshe kunne ta ƙura wa taga ido, alhali babu abin kallo sai motar kaya. Kada ranku ya ɓaci, tsoron kujerar tsakiya ne, ba ƙiyayya ba. Ku fara da ma'aikaciyar jirgi, ku gaya mata shekarun yaron. Ita ta san wanda ke tafiya shi kaɗai, kuma maganarta ta fi taku nauyi.

In ta bar ku da jama'a, to ciniki ne, kuma ciniki yana da ladabi. Sallama tukuna. Sannan kada ku taɓa neman mutum ya bar taga ko bakin hanya ya koma tsakiya alhali kuna da abin da ya fi. Ku kama kujera mafi kyau da ta rage, ta gaba ko ta bakin hanya, ita ce kuɗinku, da ita za ku saya. Ka ce, "Bawan Allah, don Allah alfarma nake nema. Yarinyar nan shekararta huɗu. Ga kujerata can gaba, za ka riga kowa sauka, ko za ka taimaka mu yi musaya?" Ki ce, "Hajiya, ki yi haƙuri na tashe ki, ɗan nan bai taɓa shiga jirgi ba." Ku nemi mutum ɗaya ya matsa, kada ku nemi a sake wa jirgi duka fasali. Wanda ya ƙi kuma a bar shi da alheri. Wataƙila ya biya kuɗi don ya riga shiga, wataƙila ƙafa ke damunsa, wataƙila wani jirgin zai kama da gudu. Ba a san cikin mutum ba, kuma alfarma ba bashi ba ce.

Idan kowa ya ƙi, saura dabara ta ƙarshe, wadda ba ta buƙatar ƙarya ko ɗaya. Ku zaunar da yaron, ku gabatar da shi ga maƙwabtansa yadda ya kamata. Ga sunansa, ga biskit ɗinsa, ba ya iya buɗe ledar da kansa. Ga tsumman goge hannu. Idan jirgi ya girgiza cikinsa kan juya, jakar takarda tana aljihun kujera. Yana son tambaya, kuma ba ya karɓar "ban sani ba". Da wuya ku kai ƙarshen bayanin nan ba a sami wanda ya tuna cewa shi dama tsakiya ba ta dame shi ba.

Ana raha, amma dalilin da ya sa na damu da zancen nan ba na raha ba ne. Idan iska ta zube a jirgin da ke tafiya a ƙafa 35,000, lokacin da mutum ke da shi kafin hankalinsa ya gushe bai wuce minti ɗaya ba. Shi ya sa ake cewa babba ya fara sa abin shaƙarsa sannan ya sa wa yaro. Wa zai sa wa ɗan shekara uku idan uwarsa tana layi goma a baya? Ana gwada jirage a kan a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, kuma duk uwar da aka raba da ɗanta ba ƙofa za ta nufa ba, wurinsa za ta kutsa, ta yi karo da masu fita. Zaman yaro kusa da nasa kariya ce ga jirgin gaba ɗaya. Wasu hukumomi sun gane haka. Kanada tun 2019 ta wajabta a zaunar da wanda bai kai shekara 5 ba daf da babbansa ba tare da ƙarin kuɗi ba, ɗan 5 zuwa 11 a layi ɗaya, ɗan 12 da 13 kada ya wuce tazarar layi guda. Indiya a 2024 ta umarci kamfanoni su haɗa yaro har ɗan shekara 12 da aƙalla ɗaya daga iyayensa. Ma'aikatar sufurin Amurka ta gabatar da daftarin irin wannan ƙa'ida a 2024 domin 'yan shekara 13 zuwa ƙasa. Kamfani ya karɓi ranar haihuwar yaro tun lokacin sayen tikiti, ya san da zuwansa sarai. Bai dace a bar uwa tana bin layi tana roƙon baƙi abin da kwamfuta za ta warware kafin ƙiftawar ido ba.

Kai kuma mai tafiya kai kaɗai da ka karanto har nan, ɗa na kowa ne. Idan ka hango mai goyo tana waige-waige, kada ka jira ta roƙa, ɗauki jakarka ka ce, "Baiwar Allah, zo ki zauna nan." Awa biyu a tsakiya ba ta taɓa karya kowa ba.

Ku da aka yi wa alfarma, ku yi godiya sau biyu, lokacin musaya da lokacin sauka, ku sa yaron ma ya faɗa da bakinsa. Idan jirgi ya fara gangarowa a ba jariri nono ko a ba babba alewa ya tsotsa, haɗiya ce ke buɗe kunne. In an tsaya ku bar masu sauri su wuce, ku leƙa ƙarƙashin kujeru, ku ƙirga jakunkuna, ku ƙirga yara. Kafin ku fita daga filin jirgi kuma, maigida ya ciro waya ya duba ranar komawa, ya saita ƙararrawa tun yanzu.