Bahaɗeje da Ɗan Takarar Cikin Waya

Bawana Bahaɗeje, ubangidanka Bakatsine na gaishe ka. Yaya kasuwar kifi? Yaya kuma ta kwaɗi? Kada ka tsuke fuska, kowa ya san ku ke busar da su kuna loda wa motocin Kudu.

An ce tun da ka sayi babbar waya ka zama sojan baka. A da, mai son ƙuri'arka sai ya sha ƙura har Guri da Kiri Kasamma, ya tsuguna ya gai da dattawa. Yanzu yana kishingiɗe a Dutse ko Abuja, yaronsa ya rubuta masa "Ina tare da ku" a Facebook, kai kuma ka bi da "Sai ka yi, Oga!" da datar da ka ciwo bashi. Haba jikan Sarki Buhari! Kakanninka sun ƙi rusuna wa Sakkwato, sun tari Turawa da yaƙi a 1906, kai kuwa katin waya ya durƙusar da kai.

Ka tuna daminar 2022, da ruwa ya shanye shinkafa a Auyo da Kafin Hausa, zaɓe saura 'yan watanni? Masu neman kujera sun zo jaje kam. A naɗe ƙafar wando, a hau kwalekwale, mai hoto na gaba yana cewa a ɗan matso da buhun tallafi. Kafin wandon ya bushe hoto ya gama zaga WhatsApp, kuna ta zuba kirari. Da aka gama kaɗa ƙuri'a a Maris na 2023, shafuka da yawa suka yi tsit.

Ciyawar kacalla dai ba ta karanta Facebook. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogi take toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan-baki na kwana a cikinta, da safe su sauka a gonarka.

To, ga 2027 tafe. In Oga ya sake saka hoto, ka bar kirari, ka tambaye shi a ƙasan hoton: yaushe za a share kacalla, wa zai gyara jinga, nawa taki zai koma? Amsar da ya bayar ka adana ta a wayar, ka nuna masa ranar da ya dawo neman tazarce. In ka ƙi ji, ka tattaro komatsanka ka taho Katsina, ina neman mai yi mini wankin babur.